Yadda Na Gasa Baƙin Inna Da Esi

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan maganar nan. In na fara sai in ce kada wani ɗan unguwarmu ya karanta ya gane ni. In na ajiye kuma sai in tuna ai duk unguwar ta riga ta sani, har da masu tallar koko. To yau dai na daure. Ba zan taɓa mantawa da yammacin da Inna ta dawo daga aikin Hajji ba, ko da na so in manta, domin akwai mutum guda a garin Daura da ya ɗaukar wa kansa aikin tuna mini.

Bari in fara da halina, don ku fahimci sauran. Ni mutum ne mai yawan damuwa. Karatuna a firamare ya tsaya, sana'ata awon hatsi a kasuwa. In na kulle shago sai na koma na jijjiga kwaɗon, in na yi nisa in sake komowa in jijjiga. Ba na ƙarya, ba don na fi kowa kirki ba, sai don in na yi ta ba na iya cin abinci. (Matata ta ce da damuwa ana sayar da ita a mudu, da mun daɗe da yin bene.)

Ƙanena Nasiru yana aiki a Fatakwal, shi ya biya wa mahaifiyarmu kujerar Makka. Bayan jirgin su Inna ya tashi sai Nasiru ya kira ni.

"Yaya, so nake kafin Inna ta dawo a sa mata esi a ɗakinta. Ka ga hawan jinin nan nata, ga zafin garin nan. Kada a gaya mata, ta shigo kawai ta tarar."

Na ce to, Allah Ya yi albarka.

"Na sa Sanusi ya nemo. Amma kulawar a hannunka take, Yaya. Amana ce. Kai na yarda da kai, na san ba ka wasa da abu."

Tunda ya ambaci amana na fara lissafin abin da zai iya lalacewa.

Shi Sanusi ɗan Kawu Lawal ne, wan Inna, wato taubashina. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma tunda shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, bai taɓa kirana da sunana ba, sai Bawa. Bakanike ne, garejinsa na kan hanyar Kongolam, kuma hannunsa na da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Matsalarsa ɗaya: tseren mota. Yana da wata tsohuwar mota da ya sa wa suna Shaho. Shi da abokansa sukan fita bayan gari inda hanya ta miƙe sambal, motoci biyu su jera kai da kai, wani ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hula, yana sakinta su fizga. 'Yar tazara ce kaɗan, kafin ka gama salati an gama. Na sha yi masa wa'azi a kan haka, a gaban mutane ma. Na ce masa rai ba na aro ba ne da za a je a sake karɓowa. Shi kuwa sai ya ce, "Bawa, kai da ko keke sai ka sauka ka tura shi a kwana, me ka sani?"

Sanusi ya kawo esin daga tsallaken iyaka, na hannu ne amma fes, kamar ba a taɓa amfani da shi ba. Ya zo da mai haɗawa, suka kafe rabi a bangon ɗakin Inna, rabi a waje ta bayan taga. Aka kunna, sanyi ya sauko kamar an buɗe randa. Ya miƙo mini rimot ya ce, "Ka ga jan maɓallin nan? Shi kaɗai ne naka. Ka danna ya tashi, ka danna ya mutu. Sauran ba na bayi ba ne."

Na naɗe rimot ɗin a leda na sa a aljihun gaba. Ko matata ban bari ta riƙe ba.

Da jan maɓallin na tsaya, da yanzu ba ku san da ni ba. Amma washegari da rana na shiga ɗakin in share, na kunna, na zauna a bakin gadon Inna ina nazarin rimot ɗin kamar mai duba allo. A gilashinsa akwai wani ɗan zane mai tsinaye ta ko'ina, ni dai ƙarangiya na gani. Kusa da shi lamba sha takwas. Sai na fara tunani, kuma a nan ne kullum nake shiga uku. Na ce me ya haɗa Inna da ƙarangiya? Na danna wani maɓalli a hankali, zanen ya canja ya koma ɗigon ruwa. Na sake dannawa, sai ga hoton rana sak, da haskenta kewaye. Na ce yawwa! Ai rana ake yi. Wannan shi ne na lokacin zafi. Sanusi da gaggawarsa ya bar shi a na wani lokacin daban.

Sai lambar. Kowa ya san fanka: in ka murɗa zuwa babbar lamba ta fi ba da iska. To don me za a bar wa uwata sha takwas alhali akwai sama da haka? Na yi ta dannawa har ya kai talatin ya ƙi wucewa. Na ji wani daɗi a raina, na ce Nasiru ya sayo, ni na gyara.

Ina cikin wannan farin cikin aka ɗauke wuta. Ba a dawo da ita ba sai bayan kwanaki, tiransifomar unguwa ce ta samu matsala.

Ranar da aka kawo wuta na ruga na danna jan maɓalli. Esi ya yi ƙara ɗaya, fitilarsa ta kama, murfinsa ya buɗe baki. Shi ke nan. Ba iska, ba sanyi. Injin waje ko motsi. Na kashe na kunna, na kashe na kunna. Na zauna a ƙasa na dafe kai. Ko sau ɗaya, wallahi ko sau ɗaya, ban kawo danne-dannena a rai ba. A wurina wannan gyara ne na yi. Ɗaukewar wutar nan na ɗora wa laifi, na ce ta ƙona wani abu a ciki, kuma ni ne ban cire soket ba. Na ci amana.

Mai hankali zai kira Sanusi. To amma da wane baki? Mutumin da nake ce wa ba ya tattalin abin da Allah Ya ba shi, in je in ce masa esin da ya kawo lafiya lau ya mutu a hannuna tun Inna ba ta gan shi ba? Mai gyara kuma in na kira, kafin la'asar labari ya kai gareji, kafin magariba ya kai Fatakwal. Sai na ɗauki hanyar da na ga ba ƙarya a cikinta. Na je majalisarmu ta bakin kasuwa na ce, "Jama'a, wani mutum ne esinsa ya ƙi sanyi." (Ai ni ma wani mutum ne.)

Nan kowa ya zama injiniya. Wani ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi, sai na aro sitabilaizar firjin maƙwabcina na jona. Shiru. Wani ya ce raga ce ta toshe da datti, na buɗe murfin, na zaro ragar na wanke ta da sabon buroshin haƙori, na shanya a inuwa. Raga ta yi tas, esi shiru. Wani ya ce gas ne ya tsiyaye, a shafa kumfar sabulu a bututu a ga inda zai yi ƙwai. Na shafe bututun nan tun daga bango har ƙasa, na tsuguna ina kallo kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Wani dattijo ya ce shi a saninsa ƙadangare ne ke shiga injin waje ya haɗa wayoyi. Daga ranar na ƙulla gaba da duk ƙadangarun gidanmu, waɗanda muka yi shekaru muna zaman lafiya da su. Da aka ce rana ce ke dukan injin, na sayo zana na kafa masa rumfa, na riƙa yayyafa masa ruwa da buta kamar ragon layya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wata safiya bayan sallar asuba, gari da ɗan sanyi-sanyi, na shiga na danna. Sai na ji injin waje ya tashi! Na ɗaga hannu sama zan yi godiya, sai wata iska ta bugi tafina, mai zafi kamar ta bakin tanda. Na kashe da sauri na fita da baya. Da rana ya yi shiru, da asuba ya hura wuta. Ku gaya mini, wane irin inji ne wannan? Ban gaya wa kowa ba, amma daga ranar na fara yi masa tofi.

Nasiru kuwa kullum sai ya kira. "Yaya, ya esi?"

"Yana nan a bango."

"Madalla. Na san ka."

Kowace "na san ka" sai na ji ta kamar an ɗora mini buhun gero a wuya.

Ranar dawowar Inna ta zo. Sanusi ne zai ɗauko ta daga filin jirgi a Katsina, ni kuma na ce ƙafata ƙafarsa, kada ya yi tsere da uwata. Ya mayar wa Shaho kujerun bayan da ya cire don ta yi sauƙi, ya wanke ta. Esi dai babu a cikinta, ya daɗe da ciro shi, wai yana cin ƙarfin inji. Tun daga fitarmu gari yake zuba.

"Bawa, ku kun ɗauka tsere gudu ne. Ba gudu ba ne, tashi ne. Duk a ƙafar hagu abin yake. Ka saki kuloci da wuri, mota ta shaƙe. Ka ba ta wuta da yawa, taya ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana hayaƙi, abokin karawarka ya kai, kai kana nan kana ƙona roba. Wancan makon wani yaron Mashi ya zo da mota sai ƙara kamar jirgi. Hula na faɗuwa na ba shi ƙeya. Kafin ya samu giya ta biyu ina ta uku."

"Allah Ya shirye ka," na ce, ina riƙe da ƙofa da hannu biyu.

"Amin, tare da bayina. Ka san abin da ke kashe mota? Ba gudu ba ne, hannu ne. Duk motar da aka turo mini gareji, kafin in buɗe bonet sai na tambayi mai ita, me ka taɓa? Kowa sai ya rantse bai taɓa komai ba."

Na girgiza kai na ce, "Mutane ba su da tsoron Allah." Da zuciya ɗaya na faɗa, rimot na aljihuna.

Sau biyu na buɗe baki zan gaya masa, sau biyu na mayar da shi hamma.

A dawowa, da Inna a baya da farin mayafinta, Sanusi ya tuƙa motar nan kamar mai ɗauke da ƙwai. Karo na farko ke nan a rayuwata da na so a ce ya ƙara rage gudu, ko taya ta yi faci, ko mu kwana a hanya. Muna dab da Daura hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa mai kyau, gari ya yi sanyi. Na ce alhamdu lillahi, Allah Ya rufa mini asiri, yau ba mai neman esi.

Gida cike yake. Inna ta shiga ɗakinta, ta ɗaga kai ta ga farin abu a bango, aka ce mata aikin Nasiru ne. Ta yi ta sa albarka har da hawaye. Aka shimfiɗa tabarmi, ƙannenta da maƙwabta suka cika ɗakin, ana raba dabino da zamzam a ƙananan kofuna. Kawu Lawal na kan kujera a gefen gado. Sai ga kiran Nasiru, aka sa shi a bidiyo, aka jingina wayar da filo yana kallon kowa.

"Yaya, a rufe taga a kunna wa Inna ta ji!"

Na ce, "Ai gari da sanyi, an yi ruwa."

Kawu ya ce, "Kai, kunna mana. Mu ma mu ɗana."

Aka rufe taga, aka saki labule, aka turo ƙofa. Na zaro rimot daga leda. A raina ina roƙon ya yi shirun da ya saba da rana, in ce wuta ce ba ƙarfi, wanda ba mamaki gaskiya ne. Na yi bisimilla na danna.

Injin waje ya tashi. Ruwan da aka yi ya sanyaya ɗakin daidai yadda yake so.

Kowa ya ɗaga fuska yana murmushi yana jiran ni'ima. Wata gwaggo har da lumshe ido. Sai na ga murmushin yana raguwa ɗaya bayan ɗaya. Wata ta fara fifita da gefen mayafi. Kawu ya cire hula ya goge tsakar kansa ya mayar. Ba mai son ya fara kushe kyautar ɗa ga uwarsa, ga shi kuma yana kallo ta waya yana ta tambaya, "Ya kuka ji? Ya kuka ji?" Gwaggon nan, gumi na bin haɓarta, ta ce, "Ma sha Allah."

Inna ce ta fasa. Ta dube ni ta ce, "Ni da na ce na baro zafin Makka a can, ashe riga ni ya yi ya zo yana jirana a ɗaki?"

Nasiru ya ce, "Zafi? Yaya, me ya faru? Ba ka ce yana nan lafiya ba?"

Ban ce lafiya ba, a bango na ce. Amma wa zai tsaya jin wannan? Duk ido ya dawo kaina. Kuma a nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake rufe fuska. Ni da nake gudun zato, ni da nake wa mutane wa'azi, na buɗe baki a gaban Kawu na ce, "To ai kayan tsallaken iyaka ne. Wanda ya kawo shi ya kamata a tambaya. Mutumin da komai nasa gaggawa ne."

Kawu ya juya ya dubi ɗansa. Sanusi na tsaye a bakin ƙofa da jakar Inna a hannu. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ajiye jakar a hankali ya miƙo hannu.

"Bawa, kawo rimot."

Ya duba gilashin. Ya dube ni. Ya sake duban gilashin.

"Me ka taɓa?"

"Ban taɓa..." Sai maganar ta maƙale, don ba na ƙarya. "Gyarawa na yi. Ka bar shi a kan ƙarangiya, na mayar da shi kan rana, tunda rana ake yi. Lambar ma ka bar ta ƙasa, na ƙure ta."

Sanusi ya zauna a ƙasa. Dariya ta hana shi tsayuwa. Da ƙyar ya samu numfashi ya ɗaga rimot ɗin sama kamar mai shela.

"Jama'a, ku saurara. Abin nan daga ƙasar sanyi ya fito, aiki biyu yake yi, gaba da baya. Wannan da Bawa ke kira ƙarangiya, ƙanƙara ce da ke zuba a garinsu, ita ce sanyi. Rana kuwa ɗumama ɗaki take. Ya ce wa inji ya kai ɗakin Hajiya zafi talatin. Da rana ɗakin ya riga ya wuce haka, sai inji ya ga ba shi da aiki ya kwanta. Yau da aka yi ruwa ya ga dama ta samu." Ya share hawaye. "Baba, ku gane: mota ya sa a ribas, ya taka totur har ƙasa, yana mamakin bai iso Katsina ba!"

Ya danna sau biyu ko uku, ƙarangiyata ta dawo. Ba a jima ba sanyi ya fara sauka. Ɗakin ya ɗauki dariya, har Nasiru a waya ya kife, sai silin ɗin ofishinsa muke gani. Sai wata ta ɗaga labule ta hango bayan taga ta ce, "Wai rumfar zanar nan ta mece ce?" Matata, wadda na ɗauka rufin asirina ce, ta ce, "Ta esi ce. Har wanka yake masa da buta." Na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba. Ni kaɗai ne na ci gaba da gumi a ɗakin nan bayan kowa ya huce.

Washegari tun da safe na tafi gareji na ba Sanusi haƙuri a gaban yaransa, na wuce gidan Kawu na sake bayarwa. Sanusi ya ce ya yafe, amma bawa ba ya zagin ubangidansa ya tafi haka nan, tarata ita ce in zo in riƙe musu hula ranar tsere. Ban je ba, kuma ba zan je ba. Sai ya ce to ya sauya tara. Daga ranar ya daina kirana Bawa. Yanzu Malam Ribas nake. Sunan ya bi ni kasuwa, har wata tsohuwa daga Baure ta zo tana tambayar shagon Malam Ribas mai gero, tana tsammanin sunan yanka ne.

Rimot dai Inna ta karɓe, tana ɗaure shi a bakin zane. Nasiru bai sake ce mini "na san ka" ba, sai dai ya ce, "Yaya, kada dai a gyara." Na koyi cewa abin da ke aiki lafiya ba ya bukatar taimakona, kuma in ana neman wanda ya taɓa, in fara laluba aljihuna kafin in nuna ɗan kawuna.

Sai dai da sanyin bana ya tsananta, Inna ta aiko a kira ni. Na same ta ƙudundune cikin bargo. Ta kwance bakin zane ta miƙo mini rimot ta ce, "Ungo, sa mini ribas ɗin nan naka." Na sa mata rana. Ta ce Allah Ya yi mini albarka. Na so a ce Sanusi na wurin, amma ko da na gaya masa cewa ya yi direban ribas ma akwai ranarsa.

Yanzu roƙona ga masu karatu biyu ne. Na farko, akwai ɗigon ruwan nan da na wuce a rimot, har yau ban san aikinsa ba. Ina tsoron kada wata rana hannun Inna ya kai kansa ruwa ya zubo mata a gado. Sanusi ya sani, amma na fi son in mutu ban sani ba da in tambaye shi. Wanda ya sani don Allah ya yi mini bayani, ba zan taɓa ba, sani kawai nake so. Na biyu, in akwai wanda aka taɓa laƙaba wa suna a garinsu kuma sunan ya mutu tun yana raye, ya taimaka ya gaya mini yadda ya yi.